Kundin aiki: ɗan littafin gaɓoɓin Sifaniyanci don Bahaushe

11 ga Janairu, 2025

Babin haruffa ya kammala, yau na shiga babi na biyu, na yadda ake yanka kalmar Sifaniyanci gaɓa-gaɓa. Ɗaliban ajin dare sun so a fara da alamar nan da ake ɗorawa a kan wasali, wadda masu harshen ke kira tilde, domin ita ce ta fi tsaya musu a rai. Me ya sa aka sa ta a kan Málaga, ba a sa a kan Sevilla ba? Tambayar tana da kyau, amma ba ta amsuwa sai mutum ya iya ƙirga gaɓoɓi daga ƙarshen kalma zuwa farkonta, kuma wanda bai iya yanka ba ba zai iya ƙirgawa ba. Don haka yanka ne a gaba.

Yawancin 'yan ajin matasa ne da ƙwallon Sifaniya ta jawo. Akwai 'yan kasuwa da ke da hulɗa da Malabo, birnin Ikwatoriyal Gini inda ake Sifaniyanci, sai wata baiwar Allah 'yar Maraɗi da ta yi karatunta da Faransanci. Na yanke shawarar ɗauko misalai daga sunayen kulob-kulob da garuruwa gwargwadon iko, tunda suna bakin mutane tun kafin su zo aji.

Farkon babin bai ba da wahala ba. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Mafi yawan gaɓoɓin Sifaniyanci ba su wuce nan ba. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin wasalin gaba: ca-sa, O-sa-su-na, Ge-ta-fe. Baƙaƙe biyu ana raba su, ɗaya baya ɗaya gaba: Bar-ce-lo-na, al-cal-de. Su kuwa ch da ll da rr haruffa biyu ne masu sauti ɗaya, kamar sh da ts namu, ba a raba su: mu-cha-cho, Se-vi-lla, pe-rro. Amma cc sauti biyu ne, shi ya sa ake cewa lec-ción.

19 ga Janairu

A nan aikin ya fara nauyi, kuma ina ganin wannan shafin ne zai fi kowane amfani ga Bahaushe.

Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere. Duk kalmar da ta shigo mana da irin wannan, sai mun cusa mata wasali ta zauna daidai a baki: direba, burki, gilashi, firamare, tirela. Ba laifi ba ne, tsarin harshenmu ne, kuma da shi muka mayar da waɗannan kalmomi namu. Sai dai idan aka ɗauki wannan ɗabi'a aka shiga da ita Sifaniyanci, lissafin gaɓa ya lalace. Madrid gaɓa biyu ce, Ma-drid, amma a gidan kallo uku ake ji, Ma-di-rid. Idan ɗalibi ya ƙara gaɓa, ƙirgensa daga ƙarshe zai kauce, daga nan kuma wurin da zai danna murya, wato gaɓar da ake ba ƙarfi a cikin kalma, ya kauce. Wanda ya ce li-bu-ro maimakon li-bro yakan danna "bu", gaɓar da babu ita sam a cikin kalmar.

Baƙaƙen da ke manne wa juna ba su da yawa, kuma duk suna ƙarewa da l ko r: pl, pr, bl, br, cl, cr, gl, gr, fl, fr, tr, dr. Duk inda aka gan su, tare suke tafiya gaba: pa-dre, ha-blar, hom-bre, in-glés, siem-pre. Atisayen da ya fi aiki a aji shi ne a fara furta wasalin da ke bayan l ko r a zuci kafin a buɗe baki, sannan a saki baƙaƙen biyu lokaci guda. Na rubuta shi a littafin yadda muka yi shi.

Abin da ya ba ɗalibai sha'awa shi ne Sifaniyanci ma yana da nasa ƙin. Ba ya yarda s ta fara gaɓa idan wani baƙi na biye da ita. Mu mukan sa wasali a tsakiya, mu ce sitiyari, sitaci, sifana. Su a gaba suke sawa: schola ta Latin ta zama es-cue-la, stare ta zama es-tar, kuma har yau kalmomin aro na zamani haka ake yi musu, es-trés, es-cá-ner. Wannan dokar ce ke warware kalmomi masu baƙaƙe uku ko huɗu a tsakiya. S ba za ta bi gaba ba, dole ta koma baya: ins-tan-te, cons-tan-te, ins-tru-men-to, abs-trac-to.

Saura tl, wadda masu harshen kansu ba su daidaita a kanta ba. A mafi yawan Sifaniya ana rabawa, At-lé-ti-co, at-las. A Meziko da galibin ƙasashen Latin Amurka ana haɗawa, A-tlé-ti-co, a-tlas. A Meziko har kalma kan fara da ita, kamar sunan jihar Tlaxcala, gadon harshen Nahuatl da aka tarar a can. Na zaɓi ta Sifaniya a littafin saboda ta fi sauƙi a bakinmu, na ambaci ɗayar a ƙasan shafi.

2 ga Fabrairu

Haɗuwar wasula. Wasulan biyar ne kamar namu, a e i o u, kuma ba sa raunana idan ba a danna su ba, abin da ke ba Bahaushe sauƙi ƙwarai. Matsalar tana wajen haɗuwarsu. Mu tagwan wasalinmu ai da au ne, sauran kuwa mukan raba su da y ko w. Shi ya sa Valencia ke fitowa Ba-len-si-ya, gaɓa huɗu, alhali uku ce, Va-len-cia.

Na tsara dokar haka. Wasula a, e, o buɗaɗɗu ne, i da u kuma rufaffu. Buɗaɗɗe da rufaffen da ba a danna ba suna zama gaɓa ɗaya: ai-re, tie-rra, bue-no, I-nies-ta. Rufaffu biyu mabambanta su ma gaɓa ɗaya: ciu-dad, cui-da-do, kuma sunaye irin Luis da Ruiz gaɓa ɗaya tak ne. Buɗaɗɗu biyu kuwa kowa gidansa daban: Re-al, po-e-ta, le-er. Wani lokaci har uku kan taru a gaɓa guda, kamar ƙarshen U-ru-guay da Pa-ra-guay.

Sai wuri ɗaya da tilde ke shigowa tun kafin babinta ya zo. Idan rufaffen wasali ne aka danna a gefen buɗaɗɗe, auren ya mutu, kowa ya zama gaɓarsa, kuma dole a sa alama ko da sauran dokoki ba su nema ba: dí-a, pa-ís, Ma-rí-a, Ra-úl, Gar-cí-a, Al-me-rí-a. Na ajiye Valencia da Almería gefe da gefe a shafi guda. Duka sun ƙare da i da a, amma ɗaya gaɓa uku ce ɗaya huɗu, kuma 'yar alamar nan kaɗai ke faɗa wa mai karatu haka.

Harafin h ba a furta shi, don haka ba ya hana wasula haɗuwa. Prohibir gaɓa biyu ce, prohi-bir, kuma idan aka danna i ɗin sai an sa alama duk da h na tsakani: pro-hí-bo, bú-ho.

9 ga Fabrairu

Yau ba darasi, aikin kwamfuta ne. Ana bukatar salon rubutu guda da zai ɗauki ɗ, ƙ, ɓ tare da á, é, ñ, ü ba tare da wasu sun fito da wata siffa daban ba. Na gwada a shagon buga takardu na unguwa kafin in ci gaba, don kada a gama aiki a tarar da akwatuna a maimakon haruffa. A waya kuma na nuna wa ɗalibai cewa idan suka danne wasali suka riƙe, mai alamar zai fito. Manyan haruffa ma suna ɗaukar tilde, África, Álvarez, na sa wannan a shafin farko na babin.

22 ga Fabrairu

Babi na uku, danna murya. Kowace kalma mai gaɓa biyu zuwa sama tana da gaɓa ɗaya da ta fi sauran fitowa, kuma ana sanya wa kalmomi suna bisa inda gaɓar take idan an ƙirga daga ƙarshe. Wadda ake danna gaɓarta ta ƙarshe ita ce aguda. Wadda ake danna ta biyu daga ƙarshe ita ce llana, wasu su ce grave, kuma irinta ne suka fi yawa a harshen nesa ba kusa ba. Ta uku daga ƙarshe ita ce esdrújula. Akwai ta huɗu, sobresdrújula, wadda ke samuwa idan an liƙa wa aikatau wakilan suna, kamar dí-ga-me-lo, wato "gaya mini shi".

Littattafan makaranta a can sukan koyar da dokar daga ɓangaren mai rubutu, wanda ya riga ya san furucin kalma yana neman sanin ko zai sa alama. Ɗalibaina ba haka suke ba. Su kalmar suke gani a rubuce, furucin ne ba su sani ba. Don haka na juya dokar ta fuskanci mai karatu. Idan ka ga tilde, nan za ka danna, magana ta ƙare. Idan ba ka gani ba, dubi harafin ƙarshe. Wasali ne, ko n, ko s? Danna gaɓa ta biyu daga ƙarshe: Se-VI-lla, BE-tis, RA-mos, JO-ven. Wani baƙi ne daban? Danna ta ƙarshe: Ma-DRID, Re-AL, Or-TIZ, ha-BLAR. Shi ke nan. Tilde tana zuwa ne kawai a kan kalmar da ta saɓa wa wannan tsari. Alavés da Leganés sun ƙare da s amma ƙarshensu ake dannawa, sai aka yi musu alama. Cádiz, Pérez, González, árbol sun ƙare da baƙi amma ba ƙarshensu ake dannawa ba, su ma aka yi musu. Esdrújula kuwa ba ta taɓa bin tsarin, don haka duk ana yi mata: Málaga, Córdoba, México, sábado, miércoles.

Wani ɗalibi ya tambayi abin da ya sa n da s suka bi sahun wasula. Amsar ita ce ta sa na ƙara ganin hikimar waɗanda suka tsara rubutun. Da s ake yin jam'i, casa ta zama casas. Da n da s ake juya aikatau, canta, cantas, cantan. A duk waɗannan wurin dannawa bai motsa ba. Da an lissafa n da s cikin sauran baƙaƙe, da kusan kowane jam'i sai an yi masa alama, shafi ya cika da ita har ta daina faɗin komai. An tsara dokar ne yadda kalmomi mafi yawa za su wuce ba alama.

Daga nan ake gane abin da ya sa alama ke zuwa ko ɓacewa a jam'i. Canción tana da ita, canciones babu, domin ƙarin gaɓa ya mayar da ita llana mai ƙarewa da s. Examen babu, exámenes akwai. Muryar tana inda take, lissafi ne ya canja. 'Yan kalmomi kaɗan ne muryar kanta ke ƙaura, kamar carácter da caracteres, régimen da regímenes.

27 ga Fabrairu

Na karanta musu término, termino, terminó. Haruffa iri ɗaya, ma'ana uku: iyaka ko wa'adi, "ina gamawa", "ya gama". Sai hablo da habló, "ina magana" da "ya yi magana". Ba wanda ya yi mamaki a ajin, kuma haka na zata. Mutumin da ke rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya, wanda ya san bambancin "ya tafi" na labari da "ya tafi" na umarni ba tare da harafi ɗaya ya canja ba, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amma kunnen nan namu yana da inda yake ruɗar mu. Mukan ji dannawa a matsayin karin sauti na sama, alhali ba abu ɗaya ba ne. Gaɓar da aka danna takan ɗan fi tsawo da ƙarfi, murya kuma takan motsa a kanta, amma a tsakiyar jimla sau da yawa muryar na ci gaba da hawa har kan gaɓar da ke biye. A tambaya kuma ƙarshen jimla kan tashi sama ko ba shi aka danna ba. Ɗalibi ya ji ¿Hablo? da ƙarshe a sama, sai ya rubuta habló. Na ƙara atisayen saurare na musamman saboda wannan.

Ita 'yar Maraɗi nata daban ne. Faransanci ƙarshen magana yake nauyayawa, don haka casa kan fito mata ca-SA. Ga shi kuma é a Faransanci irin sautin wasalin take nunawa, ba wurin dannawa ba. Na rubuta akwati guda a babin don masu zuwa daga makarantun Nijar, Kamaru da Cadi.

A gaskiya ina sha'awar rubutun da baƙo zai ɗauka ya karanta kalmar da bai taɓa ji ba, ya kuma danna ta daidai. Namu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu ne ke cike gurbin da saninsa. Ɗan gida bai damu ba, amma mai koyo yana shan wuya.

Za mu dakata har bayan azumi.

12 ga Afrilu

An dawo. A lokacin hutun na rubuta ɗan gajeren shafi na tarihi, domin yana amsa tambayoyin da doka kaɗai ba ta amsawa.

A Latin ba a danna gaɓar ƙarshe. Ana danna ta biyu daga ƙarshe idan mai nauyi ce, idan kuma sassauƙa ce sai a koma ta uku. Sifaniyanci ya riƙe wurin dannawar a mafi yawan kalmomi, amma ƙarshen wasunsu ya zube. Cantare ta zama cantar, amorem ta zama amor, civitatem ta zama ciudad. Muryar ba ta gusa ba, abin da ke bayanta ne ya faɗi, sai ta wayi gari a ƙarshe. Asalin dokar "baƙi a ƙarshe, danna ƙarshe" ke nan.

Wanda ya fi wannan amfani ga mai koyo shi ne yadda dannawa ta fasa wasula. Gajerun e da o na Latin, a inda aka danna su, sun zama ie da ue, inda ba a danna ba kuma suka zauna yadda suke. Porta ta zama puerta, ƙofa, amma mai tsaron gida portero ne, domin murya ta bar gaɓar farko. Haka siete da setenta, nueve da noventa, tierra da terreno. Aikatan da ɗalibai ke haddacewa suna kuka da su, puedo da podemos, pienso da pensamos, ba son zuciya ba ne. Duk inda murya ta sauka a kan jijiyar kalma, wasalin ya fashe, inda ta matsa gaba ya koma. Tun da na nuna musu wannan haddar ta ragu sosai.

Waɗanda suka yi karatun Larabci kuma sun gane í ɗin da ke ƙarshen marroquí da iraquí nan take. Ya'un nisba ce, ta shigo tun zamanin Andalus, ana danna ta, ana yi mata alama.

26 ga Afrilu

Kalmomi masu gaɓa ɗaya ba sa ɗaukar tilde, tunda babu zaɓin inda za a danna. Fue, fui, vio, dio sun kasance da ita a da, dokokin da suka fara aiki a 1959 suka cire. Wadda ake gani a kan wasu 'yan kalmomi don bambancewa ce tsakanin mai dannawa da marar dannawa: tú, kai, da tu, naka, él, shi, da el da ake sawa a gaban suna, sí, na'am, da si, idan, té, shayi, da te, ka ko maka. Kalmomin tambaya ma haka, qué, dónde, cuándo. Kalmomi masu ƙarewa da -mente su kaɗai ke da dannawa biyu, kuma suna riƙe alamar asalinsu, fácil ta ba da fácilmente.

Hukumar da ke kula da waɗannan dokoki ita ce Real Academia Española, wadda aka kafa a Madrid a 1713, ta kuma fitar da ƙa'idojin rubutunta na farko a 1741. Yanzu ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, tana aiki cikin ƙungiyar cibiyoyi 23, har da ta Ikwatoriyal Gini da ta shiga a 2016. Ƙa'idojin 2010 ne na bi a littafin. Su ne suka fitar da ch da ll daga jerin haruffa ya koma 27, suka kuma cire alama daga guion, duk da cewa mutane da yawa a Sifaniya gaɓa biyu suke furta ta. Batun solo kuwa, ko a yi mata alama idan tana nufin "kawai", ya jawo musu mai zafi tsakanin marubuta da masana nahawu har aka sake tayar da shi a watan Maris na 2023. Ra'ayina shi ne mai koyo ba shi da rabo a wannan rigima. Na rubuta masa solo ba alama, na gaya masa zai ga sólo a tsofaffin littattafai kada ya ruɗe.

Bambancin ƙasashe shi ma layi biyu na ba shi. A Sifaniya da Ajantina fútbol ake cewa, a Meziko futbol da dannawa a ƙarshe. Sifaniya na cewa vídeo, Latin Amurka video. Kowanne rubutunsa ya nuna furucinsa.

10 ga Mayu

Na kunna musu labaran rediyo, suka ce ba sa jin inda kalma ta tsaya wata ta fara. Dalilin yana cikin babi na biyu, sai dai ban kai shi ƙetaren kalma ba tukuna. A magana, dokar baƙi ya bi wasalin gaba ba ta tsayawa a iyakar kalma. Los otros ana furta ta lo-so-tros, el agua kuma e-la-gua. Wasalin ƙarshen kalma da na farkon mai bi mata sukan narke su zama gaɓa guda, mi amigo ta fito mia-mi-go. Mu a Hausa kalmar da aka rubuta da wasali a farko da hamza take farawa a baki, don haka mukan tsaya mu yanke kafin otros da agua, abin da ke sa maganarmu ta fito guntu-guntu. Sai an koyi sakin wannan hamzar.

Wannan narkewar ita mawaƙansu ke lissafawa da ita. Rubutacciyar waƙarmu nauyin gaɓa take aunawa, mai nauyi da sassauƙa, bisa tafarkin aruli. Tasu yawan gaɓoɓi take ƙirgawa, tsofaffin waƙoƙinsu na labari takwas-takwas a layi, kuma idan layi ya ƙare da aguda sai a ƙara ɗaya a lissafi, idan da esdrújula a rage ɗaya. Ban sa wannan a cikin darasi ba, na bar shi a rataye don masu sha'awa.

Abin da ya rage: babi na huɗu a kan haɗuwar kalmomi, amsoshin atisaye, da naɗar murya. Ina neman masu harshen biyu, ɗaya daga Sifaniya ɗaya daga Latin Amurka, su karanta jerin kalmomin babi na biyu da na uku a hankali, sannan su maimaita da saurin magana, a tura wa ɗalibai ta WhatsApp. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya yi alkawarin nemo na uku a Malabo idan ya je a watan gobe.